Mai Laima Tana Hanya

"Baba, me ka rubuta mata?"

Auta ko jakar makaranta ba ta sauke ba. Tana tsaye a bakin ƙofar falo, idonta a kan wayarta da ke hannun mahaifinta.

"Sallamar ke nan?" in ji Baban. "A makarantar taku haka ake shiga gida?"

"Don Allah, Baba, me ka rubuta mata?"

Kafin ya ba ta amsa wayar ta yi ƙara a hannunsa. A daidai lokacin tasa wayar da ke kan tebur ita ma ta amsa, don duk saƙon da ya shigo wa Auta sai ya faɗo masa. Mama ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki, ta leƙo ta kafaɗarsa. Gajeren saƙo ne daga wadda aka ajiye da sunan Mai Laima.

"Na taso. Ina hanya."

Jakar ta zame daga kafaɗar Auta ta faɗi ƙasa.

"Madalla," Baban ya ce, yana gyara zama. "Yau za mu ga ƙawar nan taki ido da ido. In yarinya ce, mu ba ta ruwa ta sha. In kuma wani gardi ne mai gemu ya fake da sunan mace, to ya zo ya same ni. Na ba ta kwatancen gida tas, har da hawan da muke da lambar ƙofa."

"Da sunana ka rubuta?"

"Da sunan wa zan rubuta? Na ma iya irin rubutunku na 'yan zamani, da fuskar dariya da komai."

Baban Auta mai ɗaukar hoton ƙashi ne a asibiti. Yakan ce shi mutum ba ya ɓoye masa komai, har haƙarƙarinka sai ya ƙirga. Ran da ya saya wa autarsa waya ya sa mata wata manhaja a ɓoye, wadda ke turo masa duk abin da ta rubuta, da wanda aka rubuto mata, da inda take a kan taswira. Shi da Mama sukan zauna bayan cin abinci su bi hirar layi-layi, shi da tabarau a kan hanci, ita da allura a baki. Yayyen Auta duk sun yi aure sun watse, ita kaɗai ta rage musu, sai suka tattara dukkan idon da suka raba wa 'ya'ya da yawa suka zuba mata.

Ƙawayenta na farko ba su daɗe ba. Wata ta turo hoton wani yaro, Baban ya buga wa uban yarinyar waya, daga nan kowa a ajin ya kama kansa. Sai ga Mai Laima ta ɓullo. Yarinya mai hankali, mai karatu, ba ta zagi, ba ta zancen samari, kullum sai ta ce a gaida Mama. Iyayen suka yi ajiyar zuciya. A 'yan kwanakin nan ne bakin Mai Laima ya sauya. "Me ya sa kika daina kula ni?" "Ke fa kika kira ni." "Inda kika bar ni akwai duhu." Auta kuwa ko harafi ta daina mayarwa. Shi ya sa yau Baban ya nemi wani ya riƙe masa aiki, ya dawo gida da wuri, ya ɗauki wayar da dokar makaranta ta hana ta fita da ita.

"Baba," Auta ta ce, muryarta can ƙasa, "babu wata Mai Laima."

"To fa."

"Wallahi babu ita. Ni ce. Ni nake rubuta nawa, ni nake rubuta nata."

Mama ta cire allurar daga bakinta. "Ke Auta, ramin ƙarya ƙurarre ne. In tsoron faɗan babanki kike ji, ki faɗi gaskiya ki huta."

Auta ta juya. Ta ruga ɗakinta, suka ji ana jan akwati daga ƙarƙashin gado, sai ga ta ta dawo da wata tsohuwar safa a ƙulle. Ta zazzage ta a kan tebur. Wata ƙaramar waya ta faɗo, allonta ya yi baƙi, bayanta ya kumbura kamar burodi.

"Kai!" in ji Mama. "Tsohuwar wayata! Na juye gidan nan ina neman ta, har na zargi mai gyaran famfo."

"Da ita nake yi. Layinki na da yana ciki."

Baban ya cire tabarau. "Dalili?"

"Saboda na san kuna karantawa."

Mama da Baban suka dubi juna.

"Tun yaushe kika sani?" Mama ta tambaya.

"Tun ran da kika ce in daina cewa hancina babba ne. Ban taɓa faɗa miki ba, Mama. Wata ƙawata kawai na rubuta wa." Ta share hanci da bayan hannu. "Kowa ya gudu ya bar ni. A aji suna kira na 'yar gidan rediyo, wai duk abin da aka faɗa mini sai an ji shi a labarai. In kuma ba na hira da kowa, Baba ya ce ina gogewa ne, ko ina da wata waya. Sai na yi muku ƙawa irin wadda kuke so, don ku samu abin karantawa ku ƙyale ni."

Mama ta sunkuyar da kai. Ta tuna ran da bakinta ya suɓuce ta ce wa Auta, ina ma a ce kina da rabin natsuwar ƙawar nan taki. Ta tuna kallon da yarinyar ta yi mata.

"To in ke ce," Baban ya ce, yana nuna wayar hannunsa, "wannan saƙon na yanzu fa? Daga cikin aji kika turo, da wannan gawar?"

"Abin da nake so in faɗa ke nan! Wayar ta faɗa cikin bokitin da na jiƙa kayan makaranta, ta mutu. Na ce shi ke nan, Mai Laima ta ƙare. Washegari sai ga saƙonta. Na toshe ta, ta dawo. Na goge ta, ta dawo."

"Na ga kin toshe ta," ya ce a hankali. "Na ɗauka ke kike sake buɗewa."

"Me ya hana ki faɗa mana?" in ji Mama.

"In ce me? Ku da kuke ganin komai, na ɗauka za ku gane."

Baban ya miƙe. Shi mutum ne da bai yarda da abin da na'ura ba ta nuna ba. "Ku kwantar da hankalinku. Ɓarayin intanet ne. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi sai kamfani ya sayar wa wani, wanin ya tsinci hirar ya ɗora daga inda kika tsaya. Shi ke nan." Ya ɗauki almakashin Mama ya ɓalle bayan tsohuwar wayar. Batirin ya yi tsatsa, ga sim ɗin nan kwance a mazauninsa. Ya zare shi ya ajiye a kan tebur. "Kun gani? Yanzu bari mu ji muryar shegen."

Ya danna lambar, ya sa a lasifika.

Ringin ɗaya aka ɗauka.

Babu wanda ya yi magana. Hayaniyar titi ce kawai, da hon ɗin motoci, sai wani taku da ke tafe ba gaggawa. Taku ɗaya mai nauyi, sannan a ja ɗaya ƙafar, sannan wani abu mai tsini ya bugi kwalta, ƙwas. Taku, ja, ƙwas.

"Wane ne?" Baban ya daka tsawa. "Na ce wane ne?"

Taku, ja, ƙwas. Can bayan takun suka jiyo guduma na dukan ƙarfe. Mama ta waiwaya ta dubi taga. Mai facin taya da ke bakin layinsu yana ta dukan wili kamar kullum, kuma kowane bugu sai ya shigo ta taga, sannan ya fito ta waya.

Aka kashe.

"Tana ɗingishi," Auta ta ce. Ba su ta yi wa maganar ba, teburin take kallo. "Na ce ƙafarta ɗaya ta fi ɗaya gajarta. Ina rubutu ne a kan teburin nan yana ta girgiɗi, sai na ga kwalin da Baba ya cusa a ƙarƙashin ƙafarsa, sai kawai na rubuta haka."

"Laimar fa?" Mama ta tambaya, ita ma da raɗa.

"Suna nake nema. Na ɗaga kai sai na ga baƙar laimar nan mai karyayyen ƙarfe da ke bayan ƙofa. Na ce ba ta rabuwa da ita, ko ana ruwa ko ba a yi."

Su ukun suka juya tare. Ƙusar tana nan a bayan ƙofa, da inuwar da laimar ta bari a jikin fenti saboda daɗewa. Laimar ba ta nan.

"Kin ara wa maƙwabciya," in ji Baban.

"Wa zai ari laima da wannan ranar? Yaushe rabon da a yi ruwa?"

"To ɗaya daga cikin masu kawo miki ɗinki ta ɗauke. Matan nan naki ba abin da ke tsone musu ido irin kayan mutane."

Wayoyin biyu suka sake ƙara tare. Babu wanda ya so dubawa, amma allon yana kallon sama, kowa ya gani.

"A ce wa Mama na gode da rigar. Ta yi mini daidai."

Auta ta dubi mahaifiyarta. "Wace riga?"

Mama ta riga ta bar wurin. Suka ji ta banko ƙofar kabad a ɗaki, suka ji salatinta. Da ta dawo, maratayin riga ne kawai a hannunta, babu komai a jikinsa.

"Na karanta inda ta ce ba ta da uwa, ba ta da rigar fita," Mama ta ce, tana kallon maratayin. "Tausayi ya kama ni. Ina da ragowar wani yadi ruwan toka, sai na ɗinka mata. Na ɓoye, don in na ba ki za ki san muna karantawa. Ina jiran ran da za ta zo."

"Da awon wa kika ɗinka, ke da ba ki taɓa ganin ta ba?" in ji Baban.

Mama ta sauke maratayin. "Da na Auta."

Auta ta zauna daɓas a hannun kujera. Ta tuna wani abu, kuma ta san su ma sun karanta shi, tun da babu abin da ya wuce su. Ranar da aka ƙwace mata waya saboda ta makara a hanya, da aka mayar mata ta rubuta wa Mai Laima cewa, ina ma mu yi musanya, ke ki zo ki zauna a gidanmu tun da ke suke so, ni in tafi inda babu mai kallo na. Sannan ta ɗauki tsohuwar wayar ta amsa wa kanta: to, na yarda, amma sai an gayyace ni.

"Baba," ta ce, "me ka rubuta mata? Karanta mini yadda ka rubuta."

Ya laluba sama da yatsa. "Na ce, ki zo gidanmu yau, Mama da Baba suna son ganin ki, gidanmu gidanki ne."

"Tsuntsun da ya ja ruwa..." Mama ta fara.

"Ya isa, Maman Auta!" Ya wuce ƙofa ya murɗa makulli sau biyu, ya tura sakata. "Mutum ne. Ko ma wane ne, mutum ne mai jini da ƙashi, kuma na san yadda ƙashi ke karyewa. Auta, kwatanta mini ita. Doguwa ce? Fara ko baƙa? Yaya fuskarta?"

"Ban yi mata fuska ba."

"Kamar yaya?"

"Kullum in aka zo maganar hoto sai in sa ta ce ba ta so. Ba ni da hoton da zan sa. Ban taɓa tunanin fuskarta ba, Baba, ko sau ɗaya."

Mama ta matso. Ta jawo Auta ta rungume ta ta baya, tana karanto addu'a a cikin gashinta.

Baban ya ɗauki tasa wayar. Niyyarsa ya kira maigadin ginin ya ce kada a bar kowa ya hau, amma yatsansa ya saba da hanya ɗaya, sai ya tsinci kansa a cikin manhajar. Taswira ta buɗe. Ɗigon nan shuɗi mai ɗauke da sunan Auta, wanda ya saba bi daga gida zuwa kanti, daga kanti zuwa gida, ba ya cikin gidan. Yana kan layinsu, ya wuce mai faci, ya wuce kantin magani, yana matsowa. Ya ɗan tsaya, ya matsa, ya ɗan tsaya.

Ya dubi wayar Auta a kan tebur. Ya dubi Auta a hannun uwarta. Ya sake duban ɗigon.

"Na'ura ce ta rikice," ya ce, amma ko shi bai ji maganar ta shige shi ba.

Ya kira maigadi. Maigadi ya ɗauka yana tauna wani abu.

"Ranka ya daɗe."

"Kada ka bar kowa ya hau wajenmu. Ko wane ne."

"To ai babu baƙo, ranka ya daɗe. Autarku ce kawai ta shige yanzu."

"Auta ta daɗe da shigowa, tana gabana."

Maigadi ya yi dariya. "Ni ma na ce ko tsufa ne ya fara taɓa ni, na ga kamar ta wuce ɗazu. Amma ita ce, ta gaishe ni da muryarta. Na ma tsokane ta, na ce Auta, ruwan me ake yi da kika buɗe laima a cikin gini? A duba mata ƙafar nan, ranka ya daɗe, na ga tana ja."

Baban ya sauke wayar daga kunne ba tare da ya kashe ba.

"Goge abin nan," in ji Mama. "Goge manhajar, Baban Auta, ta cikinta take biyo mu."

Ya shiga inda ake cirewa. Allon ya tambaye shi wadda yake so ya cire daga kulawarsa. Shi da ya san yarinya ɗaya ya sa, sai ya ga sunaye biyu a jere. Auta. Auta. Harafi ɗaya bai bambanta ba, babu hoto a kan ko ɗaya.

Yatsansa ya tsaya a sama.

"Danna mana!"

"In na goge wadda ba ita ba fa?"

Daga can ƙasan matakala sautin ya fara tasowa, yana amsa kuwwa a jikin bango. Taku, ja, ƙwas.

Baban ya kifa wayar a kan tebur. Ya zo ya durƙusa a gaban 'yarsa, ya kama fuskarta da hannu biyu, irin yadda yake gyara kan majiyyaci kafin ya ɗauki hoto. Ya daɗe bai dube ta haka ba. Ya san sa'ar da take kwanciya, ya san waƙar da take saurare, ya san kalmar da take yawan kuskurewa, amma bai san ta rame har ƙashin wuyanta ya fito ba, bai san ƙasan idonta ya yi baƙi ba.

"Na yarda da ke," ya ce. "Kin ji? Ke ce tawa. Ko wa ya tsaya a ƙofar nan, ba zan buɗe ba."

Auta ta gyaɗa kai, hawaye na bin yatsunsa.

Takun ya iso hawansu. Ya wuce ƙofar maƙwabta bai tsaya ba. Ƙwas na ƙarshe ya sauka a kan tabarmar goge ƙafa, sai hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ya yanke.

Baban ya tashi a hankali ya kara ido a ƙaramin gilashin leƙe. Baƙar laima ce a buɗe, ƙarfenta ɗaya a karye yana lilo, ta rufe komai daga kafaɗa zuwa sama. A ƙasanta riga ruwan toka, ɗinkin matarsa, ta zauna ɗas a jiki.

Aka ƙwanƙwasa, a hankali, da ladabi.

"Mama, ni ce. Na manta makullina."

Muryar Auta ce, har da 'yar shagwaɓar da take yi in ta dawo da yunwa. Mama ba ta san sa'ar da hannunta ya saki yarinyar ba, ba ta san sa'ar da ƙafarta ta yi taku ɗaya wajen ƙofa ba.

Auta ta cafko gefen zanenta. Ta buɗe baki za ta ce, Mama, kada ki buɗe. Leɓenta ya motsa, maƙogwaronta ya motsa, amma ko iska ba ta fito ba. Ta sake gwadawa, ta dafe wuya, ta zaro ido tana kallon babanta.

"Baba," in ji muryar daga waje, "ka ce gidanku gidana ne."

Ta cikin gilashin Baban ya ga hannu ya ɗago ya kama ƙotar laimar, ya fara naɗe ta a hankali.